Yadda ake koyon busa hamonikar buluz tare da makaɗa

Hamonika, ƙaramin abin busa na baki, ba ta kai tsawon tafin hannu ba, kuma ƙanƙantarta ce take yaudarar mutane. Mutum zai saye ta da safe, kafin la'asar ya fitar da wani abu mai kama da waƙa, sai ya ɗauka ai shi ke nan ya iya. Sai ranar da ya tsaya tsakanin mai jita da mai ganguna, mawaƙi ya buɗe baki, sannan zai gane busa a ɗaki daban, busa a cikin mutane daban. Abin da ke kunyata sabon mabushi a gaban makaɗa ba ya wuce abu uku: ya ɗauko hamonikar da ba ta dace da waƙar ba, ko ya ɓace bai san inda kiɗa ya kai ba, ko ya yi ta busa ba ji ba gani har ya danne muryar mawaƙi. Na ukun ne ya fi yawa, kuma shi ne makaɗa ba sa yafewa.

Salon da za mu bi shi ne na birnin Shikago a Amurka. Baƙaƙen fata da suka baro gonakin auduga na Misisipi da maƙwabtanta zuwa biranen arewa su suka zo da wannan salon kiɗa da waƙa na buluz, a can aka jona wa jita wutar lantarki, aka ƙara ganguna da bas, wato jita mai kaurin murya, hamonika kuma ta samu gurbinta a tsakiyarsu a shekarun 1940 da 1950.

Mataki na 1: sayi irin da ta dace

Nemi mai ramuka 10 a jere ɗaya, wadda ake kira dayatonik. Kada mai shago ya miƙa maka doguwar nan mai ramuka layi biyu, mai rawar murya. Tana da daɗi a wasu waƙoƙin, amma ba ta yin buluz. Mai maɓalli a gefe ma ka bar ta tukuna.

Kamfanin Hohner na garin Trossingen a Jamus, wanda aka kafa a 1857, shi ya fitar da hamonika mai suna Marine Band a 1896, kuma da ita akasarin manyan mabusan buluz suka yi suna. Jikinta na katako ne, yana iya kumbura da yawu ya goge maka leɓe. A ganina mai koyo ya fara da mai jikin roba, kamar Special 20 ko Lee Oskar, sun fi sauƙin sha'ani. Mai arha ta wasan yara kuwa iska take yoyo, za ka yi ta fama kana zargin bakinka alhali laifin kayan ne.

Kowace hamonika tana da harafi a jikinta, mai nuna sautin da aka gina ta a kai. Fara da C, domin kusan duk darussan da za ka samu a intanet da ita ake yin su. Kafin ka je wurin makaɗa ka ƙara A, D da G. Daga baya F da Bb, wato sautin da ke ɗan ƙasa da B.

Mataki na 2: sauti ɗaya, mai tsabta

A cikin kowane rami akwai siraran harsunan ƙarfe biyu, ɗaya yana kaɗawa in ka busa, ɗaya in ka zuƙa. Riƙe ta da hannun hagu, lambobi suna sama, rami na 1 mai kaurin murya yana hagu. Tura ta cikin baki sosai, ta zauna a kan jiƙaƙƙen ɓangaren leɓe, kada ka tsaya sumbatar ta daga nesa.

Hanya biyu ce ta ware rami ɗaya. Ko ka tsuke leɓe kamar mai fito, ko ka rufe ramuka huɗu da baki, ka toshe ukun hagu da harshe, ka bar na dama. Ta farko ta fi saurin kamawa. Ta biyu ita ce asirin kaurin sautin mutanen Shikago, domin in ka ɗaga harshe ka mayar, sai a ji kamar mutum biyu ne ke busa. Fara da ta farko, amma kada ka daɗe ba ka taɓa ta biyu ba.

Zuƙar rami na 2 za ta ba ka wahala. Za ta fito a shaƙe, ko ta ƙi fita gaba ɗaya, kuma kusan kowane sabon shiga yakan rantse ramin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Saki muƙamuƙi, buɗe maƙogwaro kamar za ka yi hamma, ka ja iska a hankali daga ciki. Kada ka wuce wannan matakin sai zuƙar 2 ta fito cike, domin ita ce gidanka a buluz, daga nan za ka tashi, nan za ka dawo.

Mataki na 3: harafin waƙa ba shi ne harafin hamonika ba

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. In makaɗa suka ce waƙar tana kan G, hankali zai ba ka ka ɗauko hamonikar G. A buluz C za ka ɗauko. Ana kiran wannan matsayi na biyu.

Ga dalili. A hamonikar C, in ka zuƙi ramuka 1 zuwa 4 tare, sautukan da ke fita su ne D, G, B, D, wato haɗin sautin G. Ka ƙara rami na 5, wanda yake F, sai haɗin ya ɗauki ɗan ɗacin nan da buluz ke so. Ban da haka, sautukan zuƙa na ƙasa su ne ake iya lanƙwasawa su yi kuka. Matsayi na biyu yana ɗora muhimman sautukan waƙar a kan zuƙa, inda duk daɗin yake.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙirga haruffa huɗu daga harafin waƙar, kana haɗawa da shi, in ka wuce G ka koma A. Waƙa a E: E, F, G, A, ɗauko A. Waƙa a A, ɗauko D. Waƙa a G, ɗauko C. Waƙa a D, ɗauko G. Waƙa a C, ɗauko F. Waƙa a F ce kawai mai ɗan bambanci, Bb take so. Masu jita suna son E da A ƙwarai, shi ya sa hamonikar A da ta D za su fi saurin tsufa a aljihunka. Rubuta wannan a ƴar takarda ka manna a cikin murfin jakarka. Ba abin kunya ba ne, a kan dandamali lissafi yakan gudu daga kan mutum.

Mataki na 4: haddace gaɓa 12

Yawancin buluz zagaye ɗaya yake maimaitawa, mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu 4. Haɗin sauti uku ne kacal a ciki, makaɗa suna kiransu da lamba: na ɗaya, na huɗu, na biyar. A waƙar G, su ne G, C da D. Tsarin shi ne: gaɓa 1 zuwa 4 a kan na ɗaya, 5 da 6 a kan na huɗu, 7 da 8 a koma na ɗaya, 9 na biyar, 10 na huɗu, 11 na ɗaya, 12 na biyar, wanda yake juyo da kiɗan zuwa farko.

Kafin ka busa komai, ajiye hamonikar. Kunna kiɗan rakiya na buluz a G, akwai su birjik a YouTube, ka yi ta ƙirga da baki kana buga ƙafa: ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, uku biyu uku huɗu, har 12. Kunnenka ya bi mai bas, domin shi ne yake faɗa maka lokacin da aka sauya. Yi ta yi har ya zama kana jin zuwan gaɓa ta 5 a jikinka tun kafin ta iso, ko da kana hira da wani.

Sannan ka ɗauki hamonikar C ka yi wannan, sauti ɗaya dogo a kowace gaɓa:

gaɓa 1 zuwa 4, zuƙa 2. Gaɓa 5 da 6, busa 4. Gaɓa 7 da 8, zuƙa 2. Gaɓa 9, zuƙa 4. Gaɓa 10, busa 4. Gaɓa 11, zuƙa 2. Gaɓa 12, zuƙa 1.

Ba shi da ado, na sani. Amma wanda ya iya wannan a kan lokaci zai iya tsayawa da kowace ƙungiya ba tare da ya ɓata musu kiɗa ba, kuma in ka canja hamonika lambobin ba sa canjawa. Abin da ka koya a C shi za ka yi a A ko D.

Sai tafiyar kiɗan. Buluz ɗin Shikago yawanci ba ya raba bugu biyu daidai, yana yin dogo da gajere ne, dam-da dam-da, kamar sukuwar doki a hankali. Makaɗa suna ce masa shaful. Saurari faifan ƙarfen da mai ganguna yake kaɗawa da hannun dama, ka sa numfashinka ya bi shi. Za ka kuma lura huhunka yana cika, tun da zuƙa ta fi busa yawa. Duk lokacin da ka zo kan sautin busa, saki iska ta hanci tare da shi.

Akwai ƴan canje-canje da ya kamata ka sani. Wasu waƙoƙin sukan leƙa na huɗu a gaɓa ta 2 su dawo. Wasu shugabannin makaɗa sukan ce a fara daga na biyar, wato daga gaɓa ta 9. Akwai kuma buluz mai gaɓa 8. In ka ji ƙirgarka ta saɓa da abin da bas ke yi, bas ne mai gaskiya.

Mataki na 5: lanƙwasa sauti

Kukan nan da ke sa tsigar jiki tashi, daga nan yake fitowa. Fara da zuƙar 4. Kana zuƙa a hankali, sa bakinka a siffar faɗin "ki", sannan ka ja bayan harshe baya da sama zuwa siffar "ku", ba tare da ka ƙara ƙarfin iska ba. Wata rana sautin zai faɗo ƙasa da kansa. Siffar cikin baki ce take yin aikin. Ƙarfi ba ya ƙara komai sai kashe harsunan ƙarfen da wuri.

Ramuka ba ɗaya suke ba. Na 1, na 4 da na 6 rabin mataki suke sauka, wato ƴar tazara kamar daga B zuwa Bb. Na 2 yana da irin wannan saukar har biyu. Na 3 yana da uku, kuma shi ne jarrabawar mabushi. Sauke manhajar auna sauti a waya ka riƙa dubawa, domin lanƙwasar da ba ta sauka daidai ba ta fi rashinta muni idan akwai jita a gefe.

Tsanin buluz a matsayi na biyu shi ne: zuƙa 2, zuƙa 3 a ɗan lanƙwashe, busa 4, zuƙa 4 a lanƙwashe, zuƙa 4, zuƙa 5, busa 6. Hau ka sauka a hankali kullum. Ka kula da na 3 musamman. In ka zuƙe shi a miƙe yayin da makaɗa suke kan na huɗu, zai yi karo da su, domin kai kana B su suna Bb. Mai jita zai juyo ya dube ka. Danne shi rabin mataki, sai ya zauna daram.

Mataki na 6: koyi amshi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma Bahaushe yana da sa'a a nan, domin ya tashi yana jin yadda ƴan amshi suke jiran mawaƙi ya dire sannan su karɓa. Kira da amsa yana cikin abubuwan da buluz ya gada daga kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma, kuma hamonika a ƙungiya aikin ɗan amshi take yi.

Baitin buluz layi uku ne. Mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe zancen. Kowane layi yana da gaɓa 4, amma muryar takan cinye kusan biyun farko ne kawai. Gaɓa 3 da 4, 7 da 8, 11 da 12, nan ne ƙofarka. Ya yi shiru, ka amsa da sauti uku ko huɗu, ka janye kafin ya ja numfashin layi na gaba. Dubi bakinsa da kafaɗarsa, za ka ga lokacin da zai shigo.

Muryar hamonika tana zaune ne a daidai inda muryar mutum take, shi ya sa in ka busa yana waƙa, kalmominsa suke ɓacewa. Haka in mai jita ko mai fiyano yana nasa fagen. Sauke hannunka, hamonikar ta bar bakinka gaba ɗaya, domin muddin tana leɓe sai ka ji kana son ka ɗan taɓa. Ko gurbin amshin ma ba naka ba ne kai kaɗai. In mai jita ya amsa a baiti na farko, bar masa, ka karɓi na biyu. Kallo ɗaya ya isa ku raba.

Ka nemi faya-fayen ƙungiyar mawaƙi Muddy Waters na farkon shekarun 1950, waɗanda kamfanin Chess ya ɗauka, ka saurari mabushin hamonikarsa Little Walter a bayansa. Za ka ji shi wani lokaci yana busa a ƙarƙashin muryar, kuma za ka ce to ai ga shi yana yi. Sake saurara. Yana yi ƙasa-ƙasa, da dogayen sautuka masu bin haɗin kiɗan, kuma ya shekara yana aiki da mawaƙin har ya san inda zai numfasa. Kai da ka zo yau, tsaya a gurbin. Saurari kuma Big Walter Horton don kaurin sauti, da Sonny Boy Williamson na biyu, wanda shi yake waƙa shi yake amsa wa kansa, ka ji yadda yake barin fili tsakanin jimla da jimla.

Mataki na 7: in an ba ka fili

Shugaba zai gyaɗa maka kai ko ya kira sunanka. Yawanci zagaye biyu ne, gaɓa 24. Kada ka zazzage buhunka a gaɓar farko. Ɗauki gajeriyar jimla ɗaya, misali zuƙa 4, zuƙa 3 a lanƙwashe, zuƙa 2. Faɗe ta, yi shiru, maimaita ta a gaɓa ta 5, sannan ka canja mata wutsiya a gaɓa ta 9. Ka bi tsarin mawaƙin ke nan. A zagaye na biyu ka hau sama, ka riƙe zuƙar 4 da 5 kana girgiza kai ko hannu tsakaninsu, ka kai busa 6, ka gangaro gida. Kusa da gaɓa ta 11 ɗaga ido ka dubi shugaba, ya san ka gama.

In ka ɓace, kada ka yi ta lalube da ƙarfi. Riƙe zuƙar 2 ko ka yi shiru, jira juyin gaɓa ta 12, ka shiga a farkon sabon zagaye. Masu sauraro za su ɗauka da gangan ka yi.

Mataki na 8: makirufo da amfilifaya

Hamonika ita kaɗai ba za ta iya ja da ganguna ba. Abin da Little Walter ya shahara da shi shi ne rungume ƙaramin makirufo tare da hamonika a tafin hannu, ya jona a amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya tura ta har sautin ya yi kauri da ƙura kamar na kakakin Turawa. Kiɗansa mai suna Juke, wanda ya busa da hamonikar A a kan E, ya yi mako 8 a saman jadawalin waƙoƙin R&B na mujallar Billboard a 1952, ba kuma tare da waƙar baki ba.

Makirufon da aka fi sani su ne Shure Green Bullet da Astatic JT-30, masu siffar fitilar keke. Riƙe shi da ƴan yatsun hagu na ƙarshe a bayan hamonikar, ka bar ɗan tazara kada su gogu, hannun dama ya rufe sauran. Iyakar yadda ka toshe iska, iyakar kaurin sautin. Gwada a ɗaki: rufe ruf, sannan ka buɗe yatsu biyu, za ka ji bambancin nan take.

Babban abokin gaba shi ne ƙarar nan mai huda kunne da lasifika ke yi in makirufo ya jiyo kansa. Rage siririyar murya a amfilifaya, ƙara mai kauri, fara da ƙarfi kaɗan kana hawa. Tsaya a gefenta, kada ka fuskance ta da makirufo. In ba ka busa, danna fuskar makirufon a ƙirjinka ko ka kashe shi. Ƙaramar amfilifaya irin Fender Champ ta isa ɗakin gwaji. Amma kada rashin kuɗin waɗannan ya tsayar da kai. Makirufon mawaƙa na yau da kullum yana yi, kuma ya fi tona asirin sautinka na gaskiya, wanda shi ya kamata ka fara gyarawa.

Mataki na 9: ranar farko

A Shikago da sauran biranen da buluz ya kafu, gidajen kiɗa sukan ware dare ɗaya a mako da kowa zai iya rubuta sunansa a takarda ya hau ya yi waƙa biyu ko uku da makaɗan gidan. In babu irin wannan a garinku, mai jita ɗaya da ya san gaɓa 12 ya isa ku fara, ku nemi mai bas da mai ganguna daga baya. Je ka saurara sau ɗaya ba tare da ka hau ba, ka ga yadda suke yi.

Ranar da za ka hau, jera hamonikunka bisa harafi inda hannunka zai kai. Gaya wa shugaba kai sabo ne. Kafin kowace waƙa tambayi harafinta, kuma ka tabbata harafin waƙar aka faɗa maka, domin wani mai kirki zai iya yi maka lissafin ya faɗi na hamonika, kai kuma ka sake lissafawa ka faɗa rami. In kiɗa ya tashi ba ka ji amsar ba, juya baya ga makirufo ka gwada zuƙar 2 a hankali kusa da kunnenka. In ta zauna da bas, ita ce.

Idonka ya kasance kan shugaba. Ya sauke tafin hannu ƙasa, a rage ƙarfi. Ya ɗaga wuyan jita ko ya ɗaga hannu, tsayawa na zuwa, kuma babu abin kunya da ya kai a ce kowa ya tsaya cak sai hamonika ita kaɗai tana ci gaba. A ƙarshen waƙa riƙe zuƙar 2 ko haɗin 2, 3, 4, ka yanke tare da bugun ƙarshe na mai ganguna. Ajiye waya a gefe ta ɗauki sautin, ka saurara washegari kana duba abu biyu: ko ka shiga kan muryar mawaƙi, da ko kana riga kiɗa gudu.

Wata rana za a ce waƙar tana kan maina, wato mai sanyin murya ta baƙin ciki. Matsayi na biyu zai iya ba ka kunya a nan in lanƙwasar 3 ba ta zauna maka ba. Koma matsayi na uku: ɗauko hamonikar da take mataki ɗaya ƙasa da waƙar, C don D maina, G don A maina. Gidanka ya koma zuƙar 4, ka yi yawo tsakanin 4, 5 da 6, ka kauce wa zuƙar 3 da 7 a miƙe. In ba ka gwada wannan a gida ba, ce musu za ka huta a wannan waƙar.

Bayan an tashi, buga hamonikar a tafin hannu, ramuka suna kallon ƙasa, yawu ya fita, ka bar ta ta sha iska kafin ka rufe. Kurkure baki kafin busa, musamman bayan goro ko abin zaƙi. Lokacin hunturu ka riƙa ajiye ta a cikin akwatinta, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana iya maƙale harshen ƙarfe. Kuma ba a aron ta.